Wankan jego, kunun kanwa da kumburin ƙafa: amsa ga wata mai jego daga Kumo

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Haihuwata ce ta fari, yau kwana goma sha biyu. A asibiti na haihu a Gombe, an yi mini ƙari an ɗinke, bayan suna aka kawo ni gida Kumo wanka. Safe da yamma Inna da ƙanwarta suna yi mini wanka da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, har bayana ya fara saɓulewa, kuma kullum sai na sha kunun kanwa kofi biyu. Ƙafafuna har yanzu a kumbure suke, in na kwanta da dare sai in ji numfashina ba ya isa. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, a ƙara wuta. Fuskata da wuyana sun yi baƙi, wata ƙawata ta kawo mini man haɗi in fara shafawa kafin arba'in. Shi kuma jaririn ana gasa masa cibiya da tsumma. Me zan riƙe, me zan bari, ba tare da na ɓata wa Inna rai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya mana shi, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Zan fara da abin da kika saka a tsakiyar wasiƙarki kamar ba shi ne babba ba. Kumburin ƙafa da bai saɓe ba bayan kwana goma sha biyu, ga numfashi yana yi miki wuya in kin kwanta, wannan ba maganar jira ba ce. Ki je asibiti yau, in dare ya yi miki to gobe da sassafe, in kuma numfashin ya tsananta kada ki jira gari ya waye. Babban asibitin Kumo yana kusa da ke. A gwada hawan jininki, a duba fitsarinki, a auna yawan jininki, likita ya saurari ƙirjinki. In ya ga da bukatar hoton zuciya zai tura ki Gombe, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha. Kafin ki je, ki dakatar da kunun kanwar da wankan tafasasshen ruwan gaba ɗaya.

Ba don in tsorata ki na faɗi haka ba. Aikina ungozoma ce a asibiti, kuma kumburin ƙafa bayan haihuwa abu ne da muke gani kullum. Mai ciki tana tara ruwa da jini fiye da na da, wata kuma an yi mata ƙarin ruwa a wurin naƙuda, sai jiki ya ɗauki mako guda ko fiye da haka kaɗan yana fitar da shi ta fitsari da gumi. Irin wannan kumburin kullum raguwa yake yi. Wanda ke tayar mana da hankali shi ne wanda ya tsaya cak ko yake ƙaruwa, musamman in ya zo da haki. Ki danna babban yatsanki a kan ƙashin ƙwaurinki, ki ƙirga biyar, ki ɗaga. In rami ya zauna a wurin bai taso da wuri ba, ruwa ne kwance. Ki kuma lura da kanki da dare: filo nawa kike tarawa kafin ki samu barci? Tari yana tashin ki a tsakar dare har sai kin zauna? Zuwa banɗaki ki dawo yana sa ki haki kamar kin yi gudu? Waɗannan su ne tambayoyin da likita zai yi miki, ki tafi da amsarsu a baki.

Abubuwa uku muke nema ga mace irinki. Na farko hawan jini na bayan haihuwa. Mutane sun ɗauka da zarar an sauka lafiya an rabu da jijjiga, alhali tana iya kama mace har makonni shida bayan haihuwa, ko da ba ta taɓa samun hawan jini da cikin ba. Awo ya kai 140 bisa 90 ya hau, ya kai 160 bisa 110 kuwa sai a kwantar da mace nan take. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a saman ciki ta dama, duk 'yan rakiyarsa ne. Na biyu ƙarancin jini, wanda ya yi wa matanmu katutu, shi ma yana kawo haki da bugun zuciya da jiri. Na uku shi ne wanda na fi so ki fahimta, wato raunin zuciya na masu jego. Tsokar zuciyar ce ke yin laushi a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, ta kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a ƙafa da ciki da huhu. Shi ya sa kwanciya ke ƙara shaƙe mace, zama kuma ya ba ta sauƙi.

Wannan ciwon, arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duk duniya. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta cewa kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a can tana samun gazawar zuciya, suka kuma danganta abin da kanwa da wankan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Shekaru da yawa haka ake koyar da mu. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye, likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da abokan aikinsa suka tattara bayanan mata daga asibitoci daban-daban na ƙasar nan, suka buga sakamakon a 2020. Abin da suka samu ya fi jingina ciwon ga rama, da talauci, da hawan jinin masu ciki, ba su kuma ga cewa wankan jego ko kunun kanwa su kaɗai ne ke haddasa shi ba. Wani bincikensu na baya ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin yawancin masu ciwon. Na kawo miki wannan ne don gaskiya, kada in ɗora wa Inna laifin da ba a tabbatar ba.

To amma wannan bai wanke kanwa ba a wurin mace mai kumburi. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin sodiyam ne cike da ita, shi kuma aikinsa riƙe ruwa a jiki, kamar yadda buhun gishiri ke jawo danshi da damina. Mace mai lafiyayyar zuciya da ƙoda za ta iya fitar da shi. Wadda jininta ya hau ko zuciyarta ta raunana, kowane kofi ƙarin kaya ne a kan wadda ta riga ta gaji. Zafin ruwan kuma yana buɗe jijiyoyin fata, ya sa zuciya ta ninka gudu, shi ya sa wasu ke yanke jiki su faɗi a bayan ɗaki. Abin da ya fi ci mini rai a cikin lamarin shi ne fassarar da ake yi wa alamomin. Mace ta kumbura, a ce sanyi ne ko ɗanyen jego, a ƙara itace a murhu, a ƙara kanwa a kunu. Ta ƙara kumbura, a ce ai ba ta gasu ba. Akwai wata yarinya da aka kawo mana daga ƙauye a bayan mota, a zaune, don ta kasa kwanciya, leɓɓanta sun yi duhu, zanin da ke ƙafarta ya yi shata a cikin naman saboda kumburi. Kakarta tana kuka tana cewa wallahi ba a taɓa tsallake mata wanka ko sau ɗaya ba. Gaskiya ta faɗa, kuma don ƙauna ta yi. An ba yarinyar magungunan fitar da ruwa da na zuciya, ta tashi. Da an ƙara kwana biyu a gida, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Ciwon yana da magani, mata da yawa zuciyarsu na komawa daidai in an fara da wuri kuma ba a yanke shan magani ba.

Yanzu ga abin da za ki riƙe, kuma yana da yawa. Ni ban taɓa goyon bayan masu cewa a watsar da jego ba. A ɗauke wa mace girki da wanki da shara kwana arba'in, a dafa mata, a karɓar mata jariri ta runtsa, a kewaye ta da mata waɗanda suka san abin da take ji, wannan gata ne da matan wasu ƙasashen ke nema da kuɗi ba su samu ba. Farfesun kaza, ƙauri, hanta, ƙwai, wake, zogale, alayyafo, kifi, duk ki ci ki ƙoshi, su ne za su mayar miki da jinin da kika zubar. A dai rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano har a ga awonki. Yajin jego daidai misali ba laifi, sai dai in yana tayar miki da gyambon ciki ko basir. Kunu ma ki sha, na gyaɗa, na tsamiya, na alkama, koko da madara. Ba kanwa ke kawo ruwan nono ba. Tsotson jariri ke kawo shi, gwargwadon yadda ya sha gwargwadon yadda zai taru, sai kuma cin abinci da shan ruwa da kwanciyar hankali. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ki a awo ki ci gaba da sha har wata biyu zuwa uku, kada ki haɗa su da shayi a lokaci guda don yana rage amfaninsu.

Wanka kuma ki yi, sau biyu a rana in kina so, da ruwa mai ɗumi sosai wanda jiki zai ji daɗinsa. Ma'aunin mai sauƙi ne: mai yi miki wankan ta tsoma gwiwar hannunta a ciki ta bar ta. In ta kasa, fatarki ma ba za ta iya ba, don tafin hannun da ya saba da murhu ba ya faɗin gaskiyar zafi. Ganyen darbejiya a cikin ruwan ba shi da illa, fyaɗa shi a jiki yana tururi shi ne ke ƙona mutum. Inda bayanki ya saɓule ƙuna ce, a daina kai masa ruwan zafi da ganye, kada a fasa ƙurajen ruwan, kada a shafa man goge baki ko toka, ki nuna a asibiti a ba ki man ƙuna. Mahaifa ba wuta ke mayar da ita ba. Da kanta take tsukewa, shayarwa na taimaka mata, shi ne ciwon marar da kike ji in yaro ya kama nono, kuma cikin makonni shida take komawa kusan yadda take.

Ɗinkin ƙarin da aka yi miki, yawanci da zaren da ke narkewa da kansa ake yi. Ki zauna cikin ruwan ɗumi a baho mai tsabta na minti goma zuwa sha biyar, sau biyu ko uku a rana, ki tsane wurin da tsumma mai tsabta, ki riƙa canja ƙunzugu a kai a kai, tsarki kuma daga gaba zuwa baya. Ruwa mai ƙuna yana ƙona wurin ya sa ɗinki ya buɗe. Kada ki cusa komai a gabanki da sunan matsi, ko bagaruwa, ko alif, ko wani haɗin da ake tallarsa a waya. Bakin mahaifa bai gama rufewa ba, ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta. Jinin biƙi yana farawa ja, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya koma fari-fari, yana iya kai makonni shida. In ya dawo ja yana zuba har kina jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, ko gudaji manya na fita, ko yana wari, ko zazzaɓi ya rufe ki, asibiti kai tsaye. Haka in ƙafa ɗaya ce ta kumbura ita kaɗai tana zafi a sha-raɓa, domin jini na iya daskarewa a jijiya. Shi ya sa ma hutun jego ba ya nufin kwanciya wuni guda, ki riƙa ɗan zagaya tsakar gida.

Sai maganar fata. Baƙin da kika gani a fuska da wuya da hammata, da layin da ya ratsa cikinki daga cibiya zuwa mara, aikin sinadaran ciki ne, ba datti ba ne, ba kuma lalacewa kika yi ba. Yawancinsa yana washewa da kansa a hankali cikin watanni, na fuska ne kan yi naci, rana kuma tana ƙara masa ƙarfi. Nankarwa ba ta ɓacewa ɗungurungum, amma tana dusashewa har ki daina lura da ita, kuma duk mai ce miki yana da man da ke goge ta cikin mako biyu kuɗinki yake so. Wajen wata na uku za ki ga gashi na zuba a mataji, musamman gaban goshi. Kada ki firgita, zai dawo, ki dai guji kitso mai ɗaure kai.

Man haɗin da ƙawarki ta kawo, ki yi mata godiya ki ajiye shi. Robar da ba ta da suna, ba lambar NAFDAC, ba wanda ya san abin da aka zuba. Abin da aka saba samu a irinsu uku ne: haidrokwinon mai sa fata ta yi fari, da sinadarin makyuri, da magungunan sitiroyid masu ƙarfi waɗanda likita ke rubutawa don cutar fata na 'yan kwanaki. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta ƙaru ta yi faɗi, ciwo ya ƙi warkewa, kuma in ana shafe jiki da shi yana shiga jini ya tayar da hawan jini da suga. Mu da ke ɗinki mun san fatar mai shafe-shafe tun kafin ta faɗa, zare yana yaga ta. Makyuri yana lalata ƙoda, yana kuma bi ta ruwan nono. Ki tuna kuncin ɗanki a ƙirjinki yake kwana, hannunsa a wuyanki, daga nan sai bakinsa. Duk abin da kika shafa, tare kuka shafa. Abin da fatarki ke bukata yanzu kaɗan ne: sabulu marar ƙarfi, man kaɗe mai kyau ko man kwakwa ko Vaseline tun jiki da sauran danshi, inuwa, barci gwargwadon samu. Dilka da halawa su jira har ƙunar bayanki ta warke sarai. Na san ana so mace ta koma ɗakinta ranar arba'in tana sheƙi, kuma ba laifi ba ne ki so hakan, amma maigidan da ya ga abin da kika sha a ɗakin haihuwa ya kamata a ce lafiyarki ce gabansa. In baƙin fuskar bai tafi ba bayan kin yaye, akwai likitocin fata, su duba ki su ba ki abin da ya dace.

Cibiyar jariri ba ta bukatar gashi. Tsumma mai zafi yana ƙona fatar da ba ta fi takarda kauri ba, ya kuma kwaso datti ya kai inda yake da hanya zuwa cikin jini. Abin da ake shafawa shi ne man kuloheksidin na cibiya, sau ɗaya a rana daga ranar haihuwa har kwana bakwai ko har ta faɗi. Maƙwabciyarmu Bauchi da Sakkwato su ne jihohin da aka fara raba shi gida-gida a ƙasar nan, yanzu kuma ana samunsa a asibitoci da kemis. Cibiya kaɗai ake sa wa, kada ya kusanci ido ko kusa, yana makantarwa. In ta riga ta faɗi, a wanke wurin da ruwa mai tsabta a tsane, a naɗe bakin famfas ƙasa da ita ta sha iska. Cibiyar da ta turo waje ba rashin gashi ne ya jawo ba, 'yar ƙofa ce a naman ciki da kan rufe da kanta yayin da yaro ke girma, kada a ɗaure ta da kwabo. In kewayenta ya yi ja, ko tana ruwa mai wari, a kai shi tare da ke.

Tunda za ki asibitin, a duba shi gaba ɗaya. Ki fito da shi hasken rana ki dubi farin idonsa, ki danna goshinsa ko karan hancinsa ki ɗaga. In kin ga rawaya, shawara ce, a auna jininsa, shanya shi a hantsi ba ya maganinta. Ki cire ƙwallayen kafur daga akwatin kayansa, ki kuma raba shi da hoda da man zafi masu mentol, domin akwai jarirai da yawa a cikinmu, musamman maza, da aka haifa da jinin da waɗannan ke farfasawa ya jawo shawara mai tsanani. Kwalli ma a bar shi, ana samun dalma a cikinsa. Nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ba zuma, ko a zafin Gombe na watan Afrilu, nonon da ruwansa yake zuwa. Wanzami ya yi aski ya tsaya nan, ban da cire beli. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yake numfashi da sauri haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya yi jijjiga, ba a kwana da shi a gida.

Game da Inna kuwa, kada ki tsaya jayayya da ita, kada kuma ki ce mata an ce a waya. Ita ma haka aka yi mata, kuma tsoron kada ki lalace ne ke sa ta tashi da asuba tana hura wuta. Ki ce mata, "Inna, numfashina ne ke ba ni tsoro, ki raka ni a gwada ni." Ki shiga da ita har gaban ma'aikaciyar, ki roƙa a yi bayanin a kunnenta. A abin da na gani, uwar da ta ji da kanta ta fi kowa tsare dokar, ita ce ma za ta hana ƙanwarta ƙara itace. Ki kira maigidanki yau ki faɗa masa halin da ake ciki, kuɗin mota da na gwaji nauyinsa ne, kuma maganarsa za ta yi miki rumfa a wurin manya. In kuma kin ga kuka na zuwar miki ba dalili, a makon farko zuwa na biyu haka yakan faru. Ya wuce haka, ko kin ji ba kya son ɗaukar yaron, ko tunanin cutar da kanki na zuwa, ki faɗa wa ma'aikaciyar, ciwo ne da ake magani.

Ko da an ce komai lafiya, akwai komawa a mako na shida. A ranar za a sake gwada jininki, a duba ɗinkin, a yi wa yaro rigakafin mako shida, sai na mako goma da na sha huɗu su biyo baya. In ba a yi masa na haihuwa ba, wato allurar BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta, ki faɗa tun a wannan zuwan. A nan ne kuma za ku yi maganar tazarar haihuwa kafin ki koma ɗakinki, don ciki na iya shiga tun ba ki ga al'ada ba, shawarar masana kuwa a samu shekara biyu kafin wani cikin. In gwaji ya nuna zuciyar ce, wannan maganar ta zama dole, likitan zuciya ne zai faɗa muku lokacin da wani cikin ba zai zama haɗari ba, kuma ku je tare da maigidan ya ji da kunnensa. Ki tafi da katin awonki da na yaron da duk magungunan da kike sha, har da robar man haɗin, a gani.